Masu Yaƙi da Tsatsa a New Bell

Kafin yaron shago ya ɗauki tsintsiya da safe, akwai aikin da yake fara yi. Yakan durƙusa gindin injin iska, ya miƙa hannu ƙarƙashin tankinsa, ya murɗe wani ɗan famfo. Sai ruwa ya tsiyayo, jajir da tsatsa, yana tsartuwa da ragowar iskar jiya. Ba wanda ya zuba wa injin ruwa. Iskar Duwala ce ya wuni yana zuƙa yana matsewa, ita kuwa ta bar masa laimar da take ɗauke da ita. Ranar da yaro ya manta da wannan famfo, ruwan zai bi tiyo ya fita ta bakin bindigar feshi tare da fenti, ya kwanta a jikin ƙarfe inda ido ba ya gani. Bayan 'yan kwanaki mai kaya zai dawo da tankin babur duk ƙuraje kamar jikin yaron da ya yi baƙon dauro, kuma maigida ne zai sha kunyar.

A wata rumfa na ga wannan, cikin lungunan New Bell, ba nisa da Babbar Kasuwa. Rufin kwano ne a kan turakun ƙarfe, gefe uku a buɗe, ƙasan kuma ba ka iya faɗin ainihin launinta saboda shekarun da fenti ya yi yana zuba a kai. Mai rumfar dattijo ne, asalinsa mutumin Garwa, ya sauka Duwala yana saurayi, yanzu gemu ya yi fari. Yaransa na ce masa Maigida, ni kuwa Baba nake ce masa. Abin da yake yi wa fenti ƙarfe ne kawai: ƙofar gida, ƙarfen taga, tankin babur, ƙofar mota, gadon ƙarfe, akwatin da ɗalibai ke tafiya da shi makarantar kwana. Fentin bango kuwa, in ka kawo masa zancensa, sai ya nuna maka wani.

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ba zai san nauyin wannan sana'a ba sai ya yi damina ɗaya a nan. A arewa ƙofar ƙarfe takan yi shekaru rana na dukanta, launi ya koɗe, amma ƙarfen na nan daram. Duwala kuwa tana bakin kogin Wouri, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na teku. Ruwan saman da take samu a shekara ya haura milimita 3,500, wato ninki uku ko huɗu na abin da ke sauka a Kano. A Yuli da Agusta ana yin kwanaki ba a ga rana ba. Ko a watannin rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar ba ta bushewa irin bushewar hunturun da muka sani. Tsatsa ba ta neman komai illa ƙarfe da iska da laima, gishirin da iskar teku ke kawowa kuma yana ƙara mata sauri. Sharrinta shi ne ta fi ƙarfen da ta ci girma. In ta sami ƙofa ko da kamar tsinin allura ce, sai ta shige ƙarƙashin fenti ta kumbura, ta ɗaga shi, laima ta ƙara samun hanya, ta ci gaba da rarrafe har ka wayi gari kana ɓare fentin da farce kamar ɓawon gyaɗa.

Ita kanta unguwar a wuri mai dausayi take, kuma ba don daɗinta aka fara zama a cikinta ba. Tun daga 1910 Jamusawa suka shirya kwashe mutanen Duwala daga bakin kogi su mayar da su can ciki, su bar filin kilomita guda tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Ɗaya daga cikin wuraren da aka ware domin waɗanda za a kwashe shi ne New Bell. A zamanin Faransawa sai ya zama masaukin baƙi: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Afirka ta Yamma, da Hausawa fatake da mahauta da masu goro, har wani ɓangare ya ɗauki sunansu. A kudancin Kamaru kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ake ce masa, ko Bafillace ne ko Babarbare. Da layin dogo ya isa Ngaoundéré a 1974, zuwan 'yan arewa ya ƙara sauƙi. An fi sanin mutanenmu da nama da tsire da yadi da ɗinki, kuma gaskiya yawancin masu fenti da walda a garin 'yan wasu ƙabilu ne. A hannun ɗaya daga cikinsu Baba ya koyi aikin. Shi ya sa a rumfarsa za ka ji umarni da Hausa, zagi da Fulatanci, ciniki da Turancin buroka, sunayen kayan aiki kuwa duk na Faransanci ne da harshe ya tanƙwara: mastik, diluwan, antiruyi, fistole.

Aiki ba ya yanke masa. Tasin Duwala duk ruwan ɗorawa ne, kuma ba ranar da ba a gogar juna a shataletalen Deido ko a Ndokoti. Ga 'yan benskin, wato 'yan acaɓan garin, waɗanda suka fara yawa lokacin yajin da aka rufe birane a 1991, suka ƙaru bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994 kuma kamfanin bas na SOTUC ya durƙushe, daga baya baburan Sin masu araha suka cika gari. Tankin babur shi ne fuskarsa, in za a sayar shi mai saye ke fara dubawa. Amma aikin da ya fi kawo kuɗi shi ne na sababbin unguwanni, Kotto da Bonamoussadi da Makepe, inda ake ta gina gidaje masu katanga da manyan ƙofofin ƙarfe.

Ƙofar wani gida a Kotto ce ta kai ni wurin Baba. Gidan yayana ne. Da aka gama walda, masu fenti biyu suka faɗi kuɗinsu, ɗaya ya ce kwana biyar, ɗaya ya ce gobe da yamma an gama, kuɗinsa kuma bai kai na farkon ba. Aka ba mai sauri. A watan Fabrairu ke nan, kuma ranar da ya gama ƙofar tana ɗaukar ido, baƙa wuluk, har maƙwabta na tambayar wa ya yi. Kafin ƙarshen Agusta gindinta ya yi bororo, duk inda aka yi walda jan ruwa na gangarowa kamar hawaye. Da Baba ya zo, bai ce komai ba. Ya zaro wuƙar mastik ya soka a wuri guda ya ɗaga, fentin ya taso faifai guda, ƙarƙashinsa ƙarfe tsirara da baƙin ɓawon da yake fitowa da shi daga masana'anta. Ya juyo ya dubi yayana.

“Alhaji, wannan ai ba a yi masa alwala ba aka tsayar da shi salla.”

Alwalar da yake nufi ita ce kusan dukan aikin, kuma ita ce mai gida ba ya gani, shi ya sa ita ake fara yankewa in aka matsa wa mai fenti a ciniki. Na zauna na kalli yadda aka sake ƙofar. Kwana biyu cur ba a buɗe gwangwanin fenti ba. Yara biyu suna kankare tsohon da buroshin waya da injin guga, suna bin kowane layin walda suna fasa ƙurar da ta daskare a kansa, domin a ƙarƙashinta tsatsa ke fara ɓuya. Sannan samfefa. Ita ma hawa-hawa ce: mai lamba 80 tana da kaushi, tana cin tsatsa amma tana barin zane, mai 180 tana share zanen da ta farkon ta bari, a aikin mota da babur ana hawa har 400 da 600 da 800, ana jiƙa ta da ruwa. Duk lambar da ka tsallake, zanenta zai fito a ƙarshe, domin fenti mai sheƙi ba ya rufa asiri, tonawa yake yi. Baba ba ya duba aikin yara da ido. Yakan kawar da kai gefe ya shafa tafin hannu a kan ƙarfen a hankali, inda ya tsaya nan ne da saura.

Bayan guga sai wanki da diluwan, a cire maiƙo. Wannan wuri ne da ake raina shi. Ƙarfe yana zuwa da mai a jikinsa, hannun mutum ma yana da nasa, kuma ɗigon mai ɗaya ya isa ya sa fenti ya janye ya bar ɗan rami zagayayye da suke kira idon kifi. Daga nan ba a jira. Ƙarfen da aka goge ya yi fari a Duwala, in ya kwana a buɗe, da safe za ka tarar ya yi ja-ja. Don haka ranar da aka gama guga ranar ake shafa antiruyi, jan fentin nan marar sheƙi da ke riƙe ƙarfe ya kuma ba na sama wurin kamawa. Baba ya sa aka kwantar da ƙofar aka cusa shi da buroshi a kusurwoyi da ƙarƙashin gindi, inda ƙasa ke fantsamowa in ana ruwa, inda kuma ba wanda zai taɓa leƙawa. Ya sa mai walda ya huda 'yan ramuka a ƙasan bututun don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita, saboda ƙofa da yawa daga ciki suke ruɓewa.

Feshin kansa bai ɗauki sa'a biyu ba, kuma shi ne abin kallo. Yakan tace fentin da tsohuwar safar mata, ya tsoma sanda ya ɗaga ya kalli yadda yake zuba, ya ƙara diluwan kaɗan, ya sake dubawa. Bindigar tana nesa da ƙarfe kamar taƙi guda. Hannu yana fara tafiya kafin yatsa ya danna, yatsa yana saki kafin hannu ya tsaya, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi. In ka matso da yawa ko ka yi nawa, fenti ya taru ya zubo. In ka yi nisa, ya bushe a iska ya sauka da kaushi kamar ɓawon lemo. Shafi uku marasa kauri, da hutu a tsakaninsu, sun fi guda ɗaya mai kauri wanda samansa zai bushe cikinsa na ɗanye. Yana kuma kallon sama fiye da yadda manomi ke kallo. In hadari ya haɗo ko ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ba ya feshi, domin laima na shiga fenti mai saurin bushewa ta mayar da sheƙinsa fari-fari kamar an shafa madara. In aka ɗauke wuta kuwa, injin iska ya tsaya, sai a koma guga.

Daga wannan aiki na riƙa biyawa rumfar in na shiga New Bell. Wata ranar Talata ina zaune wani saurayi ya shigo da jaka a kafaɗa, ya gaisa da ladabi, ya buɗe. Da yaran suka ga abin da ke ciki sai suka ja da baya. Kamar bindiga, da kunama da dogon baki, amma shuɗiya, duk ta kakkarce.

“Baba, ba ta gaske ba ce. Ta wasa ce, yayana ya aiko min daga Faransa. So nake a sake mata fenti.”

Ta wasan harbin fenti ce, wanda Turawa ke kira fentbol. Asalinta ma ba don wasa aka ƙera ta ba. Kamfanin fenti na Nelson a Amurka ne ya fito da ita don ma'aikatan daji su sa wa bishiya alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu, shi ya sa har yau masu wasan suka fi kiranta mai sa alama. A watan Yuni na 1981 mutum 12 suka shiga wani daji a jihar New Hampshire suka yi wasan farko da ita, daga nan ya bazu a duniya. Harsashinta ƙwallo ne da faɗinsa ya kai milimita 17, ɓawonsa irin na kafson magani, cikinsa ruwan launi mai fita da wanki. Iskar da aka matse a kwalba ce ke tura shi, kuma a filayen wasa ba a yarda gudunsa ya wuce kimanin mita 90 a daƙiƙa ba. Ko a haka yana iya tsiyayar da ido, don haka ba a shiga fili sai da abin rufe fuska.

Baba bai taɓa ganin irinta ba, amma abin da ya yi ya nuna min bambancin mai sana'a da mai shafe-shafe. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta. Ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika da ke manne a turke ya kai jikinta, bai kama ba. Ya sa tsinin wuƙa ya karci wani lungu, ba abin da ya ɓare.

“Goran ruwa ne. Kuma wannan launin ba fenti ba ne, rini ne.”

Ya yi daidai. Jikin irin waɗannan bindigogi yawanci alminiyam ne, wanda tsofaffi ke kira goran ruwa. Kamaru ta san wannan ƙarfe, domin tun 1957 masana'antar Alucam ke narka shi a Edéa da wutar kogin Sanaga, kuma shi ne a tukwane da kwanon rufi da firam ɗin taga. Halinsa daban da na baƙin ƙarfe. Da iska ta taɓa shi yake yi wa kansa wata siririyar fata da ke hana shi ci gaba da lalacewa, amma wannan fatar fenti ba ya kama ta da kyau. A masana'anta sukan tsoma shi cikin asid irin na ruwan batir su sakar masa lantarki, fatar ta yi kauri ta yi ƙananan ƙofofi, a zuba rini ya shige, sannan a toshe ƙofofin da ruwan zafi. Launin ya zama cikin jikin ƙarfen yake. Ana iya cire shi da sodar da ake haɗa sabulu, amma sodar ba ta san iyaka ba, tana gama cin rinin za ta shiga cin ƙarfen, kuma abin da aka ƙera da awo don ya riƙe iska, in ya rage ko da kaurin gashi ne, sai ya riƙa yoyo.

Saboda haka Baba ya ce ba soda, ba injin guga. Ya sa saurayin ya kwance ta da hannunsa tunda shi ya san ta, a cire duk 'yan zobban roba domin diluwan na kumbura su, a ware jikin kawai. Aka toshe cikin bututu da takarda, aka naɗe haƙoran murɗi da duk inda wani abu ke zamewa da salatif, saboda fenti yana da kauri kuma in ya shiga can ba za ta sake haɗuwa ba. Aka bi ta da samfefa mai laushi, don a kashe sheƙin kawai. Jan antiruyi kuwa ya ce ba nata ba ne. Akwai wani share fage na musamman mai ɗan asid a ciki, da ke cizon alminiyam ya manne, irin wanda ake sa wa ƙarfe mai rufin tutiya, shi ya aika aka sayo a unguwar Akwa. Kwalbar iskar ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce abin da aka cika da iska mai ƙarfi haka ba a goge shi, ba a kai shi kusa da wuta, ba a kuma rufe rubutun da ke jikinsa. Ya gaya wa yaron gaskiya cewa fenti ba zai kai rinin masana'anta daɗewa ba, inda hannu ke yawan gogawa zai koɗe.

A kan launi suka saɓa. Saurayin baƙi yake so, marar sheƙi, irin na fim.

“A'a, ɗana. Ban yi maka baƙi.”

“Baba, zan ƙara kuɗi.”

“Ba zancen kuɗi ba ne. Ka fito da wannan baƙa da dare a shingen jandarma, wa zai tsaya ya tambaye ka ta wasa ce? In ma kai ka tsira, ka san hannun wa za ta faɗa gobe? Ka zaɓi ruwan lemo, ko ka ɗauki kayanka.”

Ina tare da Baba a wannan ɗari bisa ɗari. Ƙasar da ke fama da Boko Haram a Arewa Mai Nisa, da rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi tun 2016, ga 'yan fashi a cikin gari, ba wurin da za a mayar da abin wasa kamar makami ba ne. Mai fenti yana da ikon sauya wa abu kama, kuma duk mai wannan iko akwai ranar da za a kawo masa babur ɗin da ba a son mai shi ya gane shi, ko motar da ta ruɓe a cika ta da mastik a sayar wa bawan Allah. Wanda bai iya cewa a'a ba zai zama abokin aikin ɓarawo bai sani ba. Saurayin ya yi shiru, ya zaɓi ruwan lemo. Ya so ya karɓa ranar Asabar, Baba ya ce sai wata Asabar ɗin, domin fenti yana bushewa a taɓa shi cikin sa'a guda amma ƙarfinsa sai ya yi kwanaki.

Akwai abin da ban yarda da Baba a kansa ba, kuma na faɗa masa. In za a yi feshi, yaransa tsohuwar riga suke ɗaurawa a hanci. In an gama, a wanke hannu da diluwan ko fetur, a aika a sayo madarar gwangwani a sha, wai tana wanke ƙirji. Wannan magana ta yaɗu a garejin Kano da na Yamai da na Duwala, kuma ba ta da tushe. Madara ciki take zuwa, tururin fenti kuwa huhu yake shiga, daga nan ya bi jini. Tsumma yana tare ƙura mai kauri, ba ya tare tururi. Fentin mota na zamani, wanda ake haɗa shi da maganin ƙarfafawa kafin a fesa, yana ɗauke da sinadarin da likitoci suka daɗe da sanin yana jawo asma ga masu feshi, kuma wanda ta kama, ko kaɗan ya shaƙa daga baya sai ƙirji ya toshe. Baba da kansa in ya yi dogon zance sai ya tsaya ya ja numfashi. Yana cewa tsufa ne.

Sai kuma dalma. Mu Hausawa mun san ta tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya. An daɗe ana zuba ta a fentin mai don launi ya fito, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo, kuma asalin jan maganin tsatsa da Faransawa ke kira minyom da dalma ake yin sa. Ƙungiyar CREPD ta Yawunde ta sa an auna fentin da ake sayarwa a kasuwannin Kamaru, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku sun wuce iyakar da Amurka ta sa, har da wanda rabin nauyinsa dalma ce. A 2017 gwamnati ta kafa doka cewa dalma a fenti kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Dokar ta yi kyau, amma ba ta kankare fentin da aka riga aka shafa ba. Yana nan a tsofaffin ƙofofi da gadaje da motoci, kuma yaro mai shekara goma sha huɗu ne ke durƙusawa ya goge shi a bushe, ƙurar ta hau gashinsa da rigarsa, ya ci fanke da wake da hannun, ya koma gida ya ɗauki ƙaninsa. Jiƙa samfefa da ruwa yana kwantar da ƙurar, kuma ba ya cin ko dala. Sabulu da bokitin ruwa a bakin rumfa, da rigar aiki da ake barin ta a shago, su ma haka.

Ranar da na koma na tarar an rataye jikin bindigar da waya a ƙarƙashin rufi, ruwan lemo, sumul, ba hawaye ba idon kifi. Kusa da ita tankunan babur uku suna jiran nasu, ɗaya jajir da antiruyi. Baba ya hana kowa taɓawa. Yaron da ya yi gugar yana tsaye yana kallonta yana murmushi, gefen hancinsa da sauran launin.

Ku masu gini a Kotto da Makepe, da masu babur da tasi, in za ku ba da fentin ƙarfe ku ba da shi da rani, ku tambayi kwana nawa za a yi ana guga, ku ce a kira ku ku ga jan shafin farko da idonku kafin a rufe shi da launi, ku kuma biya kuɗinsa ba tare da ƙorafi ba. Ku kuma iyayen gida masu rumfa, Baba da takwarorinsa, yaran nan amana ce iyayensu suka kawo muku daga Garwa da Marwa da Kuseri. Ku saya musu takunkumin gaske mai matatar gawayi, ku riƙa sauya matatar, ku sa kuɗin a cikin kuɗin aiki. Mu masu kawo aikin za mu biya.